Yadda zaka saita manhajar kula da netwok ka zuba na'urorinka don lissafin kaya

Idan na'urorin da kake kula dasu basu wuce goma ba, toh fayil ɗin Excel ya isheka, kar ka wahalar da kanka. Amma da zarar suwic sun kai ashirin talatin, ga rauta, ga na'urorin wayfai a manne a silin, ga firinta a kowane ofis, ga UPS a ƙasan rak, daga nan Excel ɗin zai fara yi maka ƙarya, wani ya canja suwic da daddare bai rubuta ba, wani ya ɗauke firinta ya kai wani gini, ranar da aka tambayeka lambar siriyal ta wata na'ura don neman waranti sai ka kama hawa tsani da tocilan. Maganin wannan shine manhajar da zata riƙa zagayawa da kanta tana tambayar kowace na'ura wacece ke, wane ƙira ce, meye lambarki, tana rubutawa.

Zanyi misali da LibreNMS saboda kyauta ce kuma tana gane na'urori da yawa ba tare da ka sha wahala ba, ta samo asali ne daga wata manhajar irinta mai suna Observium a 2013. Idan Zabbix ko PRTG kake amfani dashi maɓallan ne kawai suka bambanta, aikin ƙasa ɗaya ne, dukkansu da SNMP suke magana da na'ura, wato yaren da manhaja ke tambayar na'ura bayananta ta netwok. Abinda nakeso ka riƙe tun yanzu: manhajar nan jiyau ce ba ganau ba, abinda na'ura ta faɗa mata shi take rubutawa. In suwic ɗinka sunansa Switch kuma gurbin wuri babu komai, haka zai fito a lissafinka, Switch, babu wuri. Shiyasa yawancin aikin a jikin na'urorin yake, kafin ma ka buɗe shafin manhajar.

Fara da sabar ɗin

Ka ware masa inji nasa, ko na gaske ko VM, wato inji na manhaja da ke zaune cikin wani inji, ka saka Linux, Ubuntu ko Debian sunfi sauƙi saboda takardun girkawa na LibreNMS sun bisu mataki mataki. Bazan kwafo matakan girkawa anan ba don sigar PHP da ake buƙata tana canjawa, ka bi na shafinsu na lokacin da kake karanta wannan. A taƙaice dai zaka saka Nginx ko Apache, da PHP, da MariaDB, da RRDtool, da fping da kayan snmp, komai ya zauna a /opt/librenms ƙarƙashin yuza mai suna librenms.

Abu uku ne mutane ke sakaci dasu anan. Adireshin IP na sabar ɗin ya zama tsayayye, domin shi zaka rubuta a jikin duk na'urorinka a matsayin wanda aka yarda ya tambayesu, in ya canja kaga sai ka sake zagaye kowa. Agogo kuma ya zama ɗaya a Linux da PHP da rumbun bayanai, ka kunna NTP mai daidaita agogo ta netwok, in ba haka ba zaka ga jadawali da giɓi ko alat, wato saƙon gargaɗi, yazo da lokacin da bai dace ba. Sai disk, a samu SSD, saboda kowace kafa ta kowane suwic, wato ramin da ake cusa kebul, tanada fayil ɗin RRD nata, inda ake ajiye lambobin jadawali, da ake rubutawa duk minti biyar, suwic mai kafa 48 guda talatin kaga fayil sun haura dubu kenan tun ba'a je ko'ina ba. In kayan sunyi yawa ka kunna rrdcached ya rage wa disk nauyi.

Kana gamawa ka koma yuza librenms ka buga:

./validate.php

Duk abinda ya nuna ja ka gyara kafin ka ƙara na'ura ko ɗaya. Yawanci ma shi zai baka umarnin gyaran ka kwafa kawai.

Suna, wuri da adireshi

Wannan shine wajen da ya kamata ka zauna ka ɓata lokaci. Ka fitar da tsarin suna guda ɗaya wanda duk wanda ya gani zai san meye kuma ina yake, misali sw-b2-h1-01, wato suwic, gini na biyu, hawa na ɗaya, na farko. Kar ka saka sunan mutum a sunan na'ura, mutane suna canja ofis suna barin aiki, firinta kuma tana nan. Kar kuma ka saka sunan kamfanin da ya ƙera ta, gobe in an canja Cisco da Aruba a gurbi ɗaya sunan ya zama ƙarya, alhali manhajar da kanta zata gano kamfanin. Kuma sunan kada ya maimaitu, LibreNMS a saitinta na asali in ta ga na'ura biyu da sysName iri ɗaya, wato sunan da na'ura ke faɗa ta SNMP, zata ƙi karɓar ta biyun tace ai tanada ita, irin wannan na yawan faruwa da MikroTik saboda dukkansu daga kwali sunansu MikroTik suke fitowa. Akwai saitin da zai kashe wannan binciken amma gaskiya ban baka shawara ba, gyara sunan yafi.

Gurbin wuri, wato sysLocation, shima ka tsara yadda za'a rubuta shi, kuma kowa ya rubuta iri ɗaya harafi da harafi. Manhajar tana tara na'urori ne bisa rubutun da ta gani, "Gini B rak 2" da "gini b, rak2" wuri biyu ne a wajenta. In kuna da rassa a garuruwa daban daban zaka iya haɗawa da lambobin GPS a ƙarshen rubutun cikin baka mai kusurwa, sai ta ɗora su a taswira.

Adireshi kuma, duk na'urar da zaka saka a lissafi ta samu IP tsayayye, ko ka rubuta da hannu ko kayi mata ajiya a DHCP mai rabon adireshi da lambar MAC ɗinta, wato lambar katin netwok ɗinta. Firinta ce tafi bada ciwon kai anan, yau tana .57 gobe an kashe an kunna ta koma .112, manhajar tana ta kukan firinta ta mutu alhali mutane na ta buga takardu, kuma mafi muni wata na'urar ta ɗauki .57 ɗin bayanan su cakuɗe. In da hali ka ware VLAN guda, wato keɓaɓɓen ɓangare na netwok, na gudanarwa, adireshin shiga suwic da rauta duk su zauna can nesa da kwamfutocin ma'aikata. Kuma ka saka sunayen a DNS, mai juya suna zuwa adireshi, ka ƙara na'ura da suna maimakon lamba, ranar da kuka canja tsarin adireshi DNS kawai zaka taɓa tarihin na'urar na nan yadda yake.

SNMP

Tsohon abu ne, tun 1988 yake, manhaja na tura tambaya ta UDP ƙofa ta 161 na'ura ta bada amsa, in kuma na'urar ce da kanta takeson kai ƙara, misali kafa ta faɗi, sai ta tura ta ƙofa ta 162. Siga uku zaka tarar. v1 ka manta da ita sai in na'urar bata san komai ba sai ita, dalili kuwa bata iya ƙidaya mai bit 64, ita kuma ƙidayar bit 32 tana cika ne a wajen bayit biliyan 4.29 ta koma sifili, layin gigabit ɗaya in ya cika yana cinye wannan cikin kusan daƙiƙa 34, kai kuma duk minti biyar kake leƙawa, toh me zaka gani a jadawali in ba shirme ba. v2c tanada bit 64 kuma tana jan bayanai da yawa a tambaya ɗaya, sai dai kalmar sirrinta a fili take tafiya cikin waya, duk wanda ya kunna manhajar leƙen saƙonni irin Wireshark a hanyar zai karanta. v3 ce ke da yuza da fasuwod da ɓoye saƙo. In na'ura ta iya v3, v3 zaka saka, a matakin authPriv, da SHA da AES, kuma fasuwod ɗin bazai karɓu ba in bai kai harafi 8 ba.

In dole ta saka ka zauna a v2c, don Allah kar ka bar kalmomin sirrin nan public da private da na'urar tazo dasu, duk mai neman ɓarna dasu yake farawa. Ka bada izinin karatu kawai. Izinin rubutu ba abin wasa bane, a na'urorin Cisco wanda ya sameshi zai iya umartar rauta ta turo masa duk saitinta ta TFTP. Lissafin kaya baya buƙatar rubutu ko kaɗan. Kuma ƙofa ta 161 kada ta leƙa intanet.

A Cisco IOS, in sabar ɗinka 10.10.0.10 ne, ga yadda zai kasance:

access-list 10 permit 10.10.0.10
snmp-server group duba v3 priv access 10
snmp-server user nms duba v3 auth sha KALMA_TA_FARKO priv aes 128 KALMA_TA_BIYU
snmp-server location Gini B, hawa 1, rak 2
snmp-server ifindex persist
lldp run

Kar hankalinka ya tashi in ka duba running-config baka ga layin yuzan ba, haka yake baya fitowa, show snmp user zaka buga ka ganshi. Layin ifindex persist ɗin nan kuma kar ka tsallake, shi ke hana lambobin kafofi canjawa bayan an sake kunna na'ura. Akwai wani ƙarin da suwic ɗin Cisco ke buƙata in kanaso ka riƙa ganin wace MAC ce a wace kafa a dukkan VLAN, sai ka ƙara wa rukunin duba ɗin nan context vlan- match prefix, in ba haka ba na VLAN 1 kawai zaka riƙa samu kana mamakin ina sauran kwamfutocin suka shiga.

A Linux kuma snmpd zaka girka, a Debian da Ubuntu yana zuwa ne yana sauraron 127.0.0.1 kaɗai, wato kansa da kansa, sai ka buɗe /etc/snmp/snmpd.conf ka gyara:

agentaddress udp:161
createUser nms SHA "kalma_ta_farko" AES "kalma_ta_biyu"
rouser nms priv
sysLocation Gini A, dakin sabar, rak 1

ka sake tada snmpd, ka buɗe fayawol ga adireshin sabar ɗin kawai. Wani tarko ga masu kwafin VM: in ka saita v3 a inji ɗaya sannan ka kwafe shi goma, dukkansu zasu fito da engineID iri ɗaya, shi kuma v3 da wannan lambar yake bambance na'urori, sai kaga yau wannan na amsawa gobe ya daina babu dalili. A goge tsohuwar lambar a kowane kwafi a sake ƙirƙirar yuzan.

Firinta da UPS da na'urorin wayfai ta shafin burauza ɗinsu ake kunnawa, ka nemi SNMP a ɓangaren netwok. Windows kuwa SNMP ɗinsa ya tsaya a v2c kuma Microsoft ta daɗe da cewa ta daina raya shi, zan dawo kan kwamfutoci a ƙasa.

Gwada kafin ka ƙara

Daga cikin sabar ɗin kansa, ba daga laftof ɗinka ba, ka buga:

snmpwalk -v3 -l authPriv -u nms -a SHA -A 'kalma_ta_farko' -x AES -X 'kalma_ta_biyu' sw-b2-h1-01 1.3.6.1.2.1.1

In komai daidai ne zaka ga bayanin na'urar, sunanta, wurinta da tsawon lokacin da tayi a kunne. Amsar da ka samu in abu ya lalace tana gaya maka inda zaka duba. Timeout yawanci hanya ce, ko fayawol ko ACL, wato jerin adireshin da aka yarda wa, ko SNMP ɗin ba'a kunna ba, a v2c kuma kalmar sirri mara daidai ma Timeout take bayarwa saboda na'urar shiru kawai takeyi bata ce maka kayi kuskure ba. Unknown user name, sunan yuza ne. Authentication failure, fasuwod na farko ne ko ka zaɓi SHA alhali MD5 aka saita. In wannan umarnin bai yi aiki ba manhajar ma bazata yi ba, kar ka ɓata lokaci kana danne danne a shafi.

Ƙara na'urar farko

A shafin ka shiga Devices, sai Add Device, ka rubuta suna, ka zaɓi v3 ka cike gurabe. Ta taminal kuma:

lnms device:add sw-b2-h1-01 --v3 -u nms -a SHA -A 'kalma_ta_farko' -x AES -X 'kalma_ta_biyu'

Ni nafi son taminal don in kanada jerin suna hamsin a fayil da ɗan gajeren loop zaka zuba su duka. Akwai zaɓin Force add, wanda ke tura na'ura ciki ko bata amsa ba, ka barshi sai ga na'urar da ka tabbata saitinta daidai ne a kashe take kawai. Na'urar da bata da SNMP kwata kwata, kamar wasu kyamarori da ƙananan suwic na tebur masu adireshi, zaka iya kashe maɓallin SNMP ka ƙara ta da ping kaɗai ka rubuta ƙirarta da hannu, aƙalla tana cikin lissafi kuma zaka san in ta ɓace.

Ka bata yan mintuna. Aiki biyu manhajar keyi kuma yanada kyau ka bambance su: akwai zagayen ɗaukar lambobi duk minti biyar, shi ke cika jadawali, akwai kuma zagayen bincike da ke gudana duk awa shida, shi ke gano sabon kati, sabuwar kafa, sabon abin auna zafi. Saboda haka in ka cusa sabon SFP, ɗan ƙarfen da ake cusawa a kafar suwic don haɗa kebul, yanzu baka ganshi a lissafi ba, ba matsala bace, ko ka jira ko ka danna sake bincike a shafin na'urar.

Sannan ka buɗe shafin Inventory na na'urar, nan ne asalin abinda muka zo nema. Bayanan nan daga ENTITY-MIB suke fitowa, wato ɓangaren SNMP mai jera sassan na'ura, lambar siriyal tana ƙarƙashin 1.3.6.1.2.1.47.1.1.1.1.11 in kanaso ka duba da hannu. Na'ura mai kyau zata jero maka gangar jikin, kowane kati, kowace fanka, kowane abin bada wuta, har ƙananan SFP da lambobinsu. Ka kula da suwic da aka haɗa su suka zama stack, adireshi ɗaya ne, a jerin Devices zasu fito abu ɗaya da siriyal ɗaya, alhali ƙarfe huɗu ne a rak kowanne da lambarsa, in ka ƙirga kaya daga jerin Devices zaka rasa uku, sai a Inventory zaka gansu duka. Akasin haka kuma VM, yana cikin jerin amma ba kaya bane da za'a iya ɗauka a hannu, ka ware su a rukuni daban kada su kumbura maka adadi. Na'urori masu arha kuma wasunsu basu cika gurbin siriyal ɗin, wannan babu dabara, ka je ka karanta sitikar ka rubuta a Notes.

Na'ura biyar ɗin farko ka ɗauki wahala ka je gabansu ka gwada lambar da ke allo da wadda ke jikin sitika. Wani sa'in na'ura na bada lambar allon ciki ne, ita kuma waranti da ta gangar jiki ake nemansa, gara ka gano wannan tun da wuri ga kowane ƙira.

Barin ta ta nemo da kanta

Bayan ka tabbatar da hannu yana aiki sai ka sake mata mara. Ka gaya mata iyakar inda aka yarda ta shiga, ka kuma ajiye bayanan v3 ɗin a saitin SNMP na gaba ɗaya don ta riƙa gwadawa:

lnms config:set nets.+ '10.10.0.0/24'
lnms config:set autodiscovery.nets-exclude.+ '10.10.0.240/28'

Daga nan duk suwic ɗin da ta shiga zata tambayeshi maƙwabtansa ta LLDP ko CDP, hanyoyin da na'urori ke gabatar da kansu ga maƙwabta, rauta kuma ta OSPF da BGP, duk maƙwabcin da ke cikin iyakar kuma ya amsa SNMP sai ta ƙara shi. Shiyasa na saka lldp run a saitin Cisco don kunna LLDP, kuma dashi ne zata zana maka wane kebul ne ya tafi ina. In baka da sunayen a DNS zata gansu ta wuce, sai ka kunna discovery_by_ip. Wanda baida maƙwabtaka irin wannan, kamar firinta da UPS, sikanin, wato ƙwanƙwasa adireshi ɗaya bayan ɗaya, zai kamo su:

./snmp-scan.py 10.10.0.0/24

Kar zumuɗi ya ɗebe ka ka bata /16 gaba ɗaya, adireshi 65,536 ne, zai ɗau lokaci kuma na'urorin tsaro zasu ɗauka hari ne. Ka bi /24 ɗaya bayan ɗaya, kuma ka sanar da masu tsaron netwok kafin ka fara. Akwai kuma wani abu da ba'a cika faɗa ba, sikanin da v2c yana nufin kana miƙa kalmar sirrinka a fili ga duk adireshin da ka ƙwanƙwasa, har da kwamfutar da baka san ta waye ba, don haka kar ka doshi ɓangaren baƙi ko na ma'aikata dashi. Na'urorin masana'anta da na asibiti kuma ka cire su daga sikanin sai da izinin masu su, wasu tsofaffin basu jure baƙon saƙo.

Abin daɗin shi ne abinda zai fito wanda baka san dashi ba. Ka buɗe teburin ARP, mai haɗa IP da MAC, da na FDB, mai haɗa MAC da kafa, a manhajar, zaka ga kowace MAC da kafar da take. Kafar da aka ce kwamfuta ɗaya ce a kai amma MAC takwas ke fitowa, toh wani ya ɓoye ƙaramin suwic ko rautar gida a ƙarƙashin tebur. Bayit uku na farkon MAC suna nuna kamfanin da ya ƙera, da wannan zaka rage zato. Sai dai kar ka gina lissafi akan MAC ɗin wayoyin hannu, tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi na ƙirƙirar MAC na bogi ga kowane wayfai.

Abinda bazata taɓa sani ba

Ranar saye, wanda ya sayar, ƙarshen waranti, lambar kadara da ofis ya manna, waye aka damƙa wa, duk babu wanda na'ura ta sani balle ta faɗa. Suwic ɗin da ke sito cikin kwali shima baya amsa SNMP, haka patch panel da kebul da rak ɗin kansa. Saboda haka LibreNMS na gaya maka abinda ke kunne yanzu ne, ita kuma rijistar kadara tana faɗin abinda ya kamata ace kuna dashi, kuma amfanin yana wajen gwada biyun. In kayan basu da yawa gurbin Notes ya isa. In sunada yawa ka haɗa da NetBox, wanda aka fara a DigitalOcean aka sake shi ga kowa a 2016, don rak da adireshi da kebul, ko Snipe-IT don kadara da waranti da wanda ke riƙe da kaya. Laftof da kwamfutocin tebur kuma ka barsu wa GLPI da ɗan agent ɗinsa, shi zai kawo maka RAM da disk da manhajojin da ke ciki, ya fi SNMP nesa ba kusa ba a wannan fannin, kuma in ka zuba laftof a LibreNMS duk yamma in an tashi aiki alat zai cika maka waya.

Mahaɗin duka shine lambar siriyal. Suna na canjawa, IP na canjawa, siriyal na nan. Ka ƙirƙiri token a ɓangaren API ka ja jerin:

curl -H 'X-Auth-Token: TOKEN' https://nms.example.com/api/v0/devices

sai ka gwada da rijistar, ko da wata wata ne. Siriyal da ke netwok babu shi a rijista, an shigo da kaya ba'a rubuta ba. Wanda ke rijista an rubuta yana aiki amma babu shi a netwok, a je a duba da ido.

Canji da cirewa

In suwic ya ƙone aka saka sabo da suna ɗaya da adireshi ɗaya, manhajar zata ɗauki sabon siriyal ta rubuta canjin a Eventlog, sai dai Eventlog ɗin ana share tsofaffin bayanansa bayan wani lokaci, don haka ka rubuta tsohon siriyal a rijista a ranar. In suna kawai zaka canja kayi amfani da lnms device:rename, kar ka goge ka sake ƙarawa. Gogewa na tafiya da duk jadawalin na'urar da tarihinta kuma babu dawowa, shiyasa na'urar da aka cire daga aiki gara ka fara kashe ta da Disable ka barta na ɗan lokaci, sai an tabbatar ta koma sito ko an zubar sannan ka goge. Ka kuma saita wace na'ura ce uwar wace a Device Dependencies, don in babban suwic ya faɗi alat ɗaya ya zo maka maimakon arba'in.

Ka riƙa leƙa shafin Poller kana ganin tsawon lokacin da zagaye ke ɗauka, in ya doshi daƙiƙa 300, wato minti biyar ɗin da ke tsakanin zagaye da zagaye, ka ƙara yawan ma'aikatan poller ko ka kashe ɓangarorin da baka buƙata ga na'urar da ke jan ƙafa. Bakof kuma abu huɗu ne, rumbun bayanai ta mysqldump, jakar rrd, fayil ɗin .env da config.php, a ajiye su a wani inji daban kuma a kulle, saboda duk fasuwod ɗin SNMP na na'urorinka suna cikin wannan rumbun.